Tauraruwar da Kawu Tunru Ya Ce Ya Gani

Kawu Tunru ya ɗago kansa daga madubin hangen nesa, ya gyara zanen da ke kafaɗarsa, ya ce, "Ƙwarai kuwa, biyu ne. Babba da ƙarama, kusa da juna." Mutanen da suka taru a bakin gaɓa bayan sallar magariba suka gyaɗa kai, tunda nakoda, shugaban jirgin ruwa, da kansa ya tabbatar. Na sunkuya don in gyara wa wanda ke bi masa, na kafa idona. Babu komai a ciki sai baƙin sama. A nan tsoro ya shige ni, kuma har yau bai fita ba.

Madubin nawa ƙarami ne, na hannu na saye shi a birnin Makassar, ba shi da injin da ke bin tauraro. Duniya tana juyawa, don haka tauraruwa takan zame ta fice daga cikinsa kafin mutum ya shanye rabin kofin kofi. Kawu kuwa ya daɗe a tsaye kafin ya sunkuya. Sai da ya kunna tabarsa mai kanumfari, ya tsokani liman, ya tsokani matar liman, ni kuma na shagala da amsa tambayoyi ban sake saita madubin ba. A lissafina, tauraruwar ta fice tun bai zuƙi tabar sau biyu ba. Abin da ya faɗa kuma shi ne daidai abin da matar liman ta faɗa da ƙarfi kafin shi, kalma da kalma.

Wannan mutumin ne zai ja jirgi zuwa Bima a ƙarshen makon, ta tsakanin duwatsun murjani, da yayana Daeng Sakka a ɗakin inji.

Kawu Tunru wan mahaifiyarmu ne. Ya hau jirgi tun bai iya ɗaura zane da kyau ba, yana dafa wa ma'aikata shinkafa, yana shan ludayi a ka idan ta kama. Ya yi dakon katako daga Kalimantan, ya yi na gishiri, ya yi na busasshiyar kwakwa. Ya zama nakoda, shugaban jirgi, tun kafin ya yi aure, kuma abin da tsibirinmu ke alfahari da shi a kansa ɗaya ne: bai taɓa fita da mutum ya dawo babu shi ba. Allah bai ba shi haihuwa da matarsa Indo Sennang ba. Da zazzaɓi ya ɗauke mahaifinmu, mahaifiyarmu ta bi shi ba da jimawa ba, sai ya zo ya ɗauki Sakka a hannun dama, ni a kafaɗa, ya hau da mu matakalar gidansa.

A barandar gidan nan ya koya mini sama. Yakan kama yatsana ya nuna mini Karkataccen Gida a kudu, taurari huɗun da kafinta ya yanke wa ginshiƙai ba daidai ba saboda hankalinsa ya tafi kan kyakkyawar maƙwabciya. Ga maƙwabciyar can a gefe, taurari biyu masu haske da muke kira Balue, Bazawara. Da ita ake zuwa Bima a lokacin iskar gabas. Ana duba inda ta tsaya da doguwar sandar tsakiyar jirgi, ana sauya akala yayin da take gangarawa yamma. Son da na yi wa Balue ne ya kai ni jami'a karatun kimiyya. Na dawo bana da digiri, ba aiki, sai wannan madubi da baki cike da bayani.

Bayanin ne ma ya tara jama'a a ranar. Na ce musu mai hasken nan ta cikin Balue, ita ce mafi kusa da mu a duk taurarin da ido ke gani, in an cire rana. Haskenta yakan yi shekara huɗu da 'yan watanni a hanya kafin ya iso. Kuma ba ɗaya ba ce, ranaku biyu ne irin tamu, ɗaya ta ɗan fi rawaya, ɗaya ta ɗan fi ja, suna zagaya juna sau ɗaya a kusan shekara tamanin. Akwai ta uku ma, 'yar ƙarama ja, wadda ido ba ya kamawa.

"Ashe Bazawara da miji a ɓoye!" in ji liman.

"Shekara tamanin ana zagaye ba a haɗu ba," in ji Indo Sennang, "wannan aure ne ko gaba?"

"Tambayi kanki," Kawu ya ce mata. Aka fashe da dariya. Daga nan ya sunkuya ya ga abin da ba ya nan.

Na ce wa kaina wataƙila kafaɗarsa ce ta bugi madubin da zai ɗago. Yana iya faruwa. Amma daga washegari na shiga lura da shi kamar ɓarawon da na kama sau ɗaya, kuma na tsani kaina a kan haka.

Kofinsa na kofi kullum a wuri ɗaya Indo take ajiye shi, a kan ƙullin katako na biyu daga bango. Takalmansa suna fuskantar waje a gindin matakala. Idan mutum ya doso gidan, Kawu ba ya fara gaisuwa sai baƙon ya yi magana, ko kuma Indo ta ɗaga murya daga kicin ta ce, "A'a, Baba Rumpa ne da sassafe haka?" Ya daina karanta Alƙur'ani daga takarda, da ka yake yi. Ya daina saka zare a allurar ɗinkin tanti. Da yamma su biyu sukan zauna a baranda, sai in ji Indo tana magana kamar da kanta take: "Yau Bazawara ta hau kan kwakwar gidan liman da wuri." Shi kuma ya ce, "Lokacinta ne."

Na tare ta tana kankare kifi a bayan gida.

"Indo, yaushe rabon Kawu da ya saka zare a allura?"

"Yaushe rabonki da ki saka? Kawo gishiri."

"Kullum ke kike faɗa masa wanda ya zo."

"Ni mai surutu ce, duk tsibiri an sani."

"A Makassar ana cire yanar ido, Indo. Aikin safiya ɗaya ne. Na ga tsofaffi sun shiga ana riƙe da su sun fito suna..."

Wuƙar ta tsaya. Ba ta dube ni ba. "An kai faranti jirgi jiya," ta ce. "Ko boko ya mantar da ke?"

Ban manta ba. Da zarar nakoda ya zaɓi rana, aka kai shinkafa mai danƙo da ƙwai da ayaba cibiyar jirgi, liman ya yi addu'a, to baki ya rufu. Ba a ambaton ciwo, ba a ambaton hatsari, ba a tambayar "in kaza ta faru fa?" a kan jirgin ko mutanen cikinsa, har sai sun dawo. A wurinmu wanda ya ambaci abu shi ya kira shi, kuma in ya faru, shi za a riƙa kallo har ya mutu. Na yi jarrabawa a kan yadda haske ke tafiya, amma da Indo ta faɗi haka sai na bar maganar a nan.

Da magaribar ranar na gwada shi. Sama tas take, Balue tana ƙyalli a kan kwakwar liman kamar an wanke ta. Na zauna kusa da shi na ce, "Kash, gajimare ya rufe Bazawara yau."

Ya busa hayaƙi. "Wane gajimare a wannan busasshiyar iska? Cenning, je ki wanke idonki."

Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci. Sai daga baya na tuna cewa bai ɗaga kai ba ko kaɗan. Fuskarsa tana kallon teku ya amsa. Iska ya ji a fatarsa. Gwajin bai nuna mini komai ba, sai dai ya nuna masa cewa ina gwada shi.

"Wannan hasken da kika ce," ya ce, "shekara huɗu yana tafe?"

"Da 'yan watanni."

"To wanda ke sauka yanzu, da ya taso ina Kalimantan da katako." Ya yi 'yar dariya. "Ya san ni da ƙarfina ke nan. In ta mutu yau fa?"

"Ba za mu sani ba sai bayan shekara huɗu. Za mu ci gaba da ganin ta."

"Jirage su ci gaba da bin ta."

"E."

"Su kuma isa lafiya," ya ce. Ya murƙushe tabar ya shiga ciki, hannunsa yana shafar bango.

Washegari na sami Sakka a cikin jirgi, rabin jikinsa a ƙarƙashin inji, baƙin mai har gwiwar hannu. Ana ta loda buhunan kwakwa a sama. Na tsuguna a bakin ramin injin na rage murya.

"Daeng, zan faɗi abin da ba a faɗa."

"To kar ki faɗa. Miƙo mini sifana, malama mai digiri."

"Kawu bai ga komai a madubin nan ba."

Ya karɓi sifanar, ya ɗaure abin da yake ɗaurewa, ya daɗe. Sannan ya fito ya zauna yana goge hannu da tsumma.

"Kin san Beddu Rasi?" ya ce. Na san shi, tsohon matuƙin Kawu ne, sun yi shekaru tare. "Tun bara ya koyi wata ɗabi'a. Yana riƙe da sitiyari sai ya riƙa surutu shi kaɗai. 'Kai, Bazawara, yau kin jingina da igiyar hagu.' 'Ruwan nan na gaba ya yi kore kamar miyar Indo.' Muna ta yi masa dariya, wai tsufa. Kawu kuma sai ya ce a karkata kaza, a rage wuta. Muka je muka dawo lafiya, ba sau ɗaya ba."

"Ashe kun sani!"

"Ni ban ce na san komai ba. Na ce Beddu yana da surutu."

"Beddu yana Malesiya wurin 'yarsa, Daeng. Wa zai yi surutun?"

Ya ci gaba da goge hannunsa. Sabon matuƙin, Jumaing, mutumin Selayar ne, bana aka ɗauke shi. Hannunsa yana da kyau, amma bai san hanyar ba, kuma irin mutanen nan ne da za a wuni da su ba su ce uffan ba. In nakoda ya ce dama, dama zai yi. Ba wanda ya gaya masa komai, don gaya masa yana nufin a faɗa da baki.

"Akwai kamfas," Sakka ya ce. "Akwai taswira a wayata."

"Kamfas ɗin da injinka ke juya wa kai? Taswirar da ta nuna tsibirinmu a tsakiyar ruwa?"

"Ke dai ba a kayar da ke a magana."

"Ka gaya wa mai jirgi. Ko ka ƙi zuwa."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In tsaya a gaban mutane in ce mutumin da ya ɗauke mu daga kan kabari bai iya aikinsa ba? Ran da aka karɓe jirgin nan daga hannunsa, ran nan za a fara haƙa masa rami. Ya ce in iskar gabas ta faɗi zai je Makassar ganin wani aboki. Kin gane? Ganin aboki. Tafiya ɗaya ta rage."

"In kuma..."

"Cenning!" Ya ɗaga tsumman kamar zai toshe mini baki. Ya sauke shi. Sannan ya ce, a hankali, "Ni ma ina jin surutu yana zo mini kwanan nan. Sai dai ban san sunayen abokan hirar ba sosai. Ni mutumin rami ne."

Magariba biyu na yi ina koya masa a ƙarshen gadar katako, inda ba mai jin mu. Ya san Balue, kowa ya sani, amma bai taɓa bin ta da ido tana tafiya ba. Na nuna masa yadda zai fara nemo Karkataccen Gida, don akwai wasu huɗu a yamma da shi masu kama da shi da ke ruɗin mutane. Na nuna masa yadda biyun ke miƙa layi zuwa Gidan, da yadda mai hasken take nesa da Gidan, launinta kamar man kwakwa, ɗayar kuma fara mai shuɗi-shuɗi. Ba lissafi ake so ya yi ba, lissafin yana kan Kawu. Ya dai faɗi inda take da sandar jirgi, da ƙarfi, kamar wasa.

"In inji ya yi tari fa?" na ce. Tsohon inji ne, ba ya son a bar shi shi kaɗai.

"Sai in sauka."

"Wa zai duba sama?"

"Sai in hau." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Saboda haka na je wurin Kawu ana gobe tafiya. Yana zaune yana murza igiya a cinya, aikin da ba ya buƙatar ido.

"Kawu, ina so in bi ku Bima. An ce ana neman malaman kimiyya a wata makaranta."

"An ce."

"Zan zauna a kan buhuna, ba zan dami kowa ba."

"Da madubinki?"

"Ko ba shi."

Ya ci gaba da murza igiyar. "Kin taɓa ganin na ɗauki ɗan gidana fiye da ɗaya a jirgi guda?" Ban taɓa gani ba, dokarsa ce tun da can, kuma kowa ya san dalilinta ba tare da an faɗa ba. "In na karya ta gobe, me za a ce a bakin gaɓa? Za a ce Tunru ya ɗauki 'yarsa ta riƙe masa sanda." Ya juyo da fuskarsa wajena. Hasken fitila ya faɗa a idonsa, na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin, ko kuma fitilar ce, ban sani ba. "Na ga tauraruwarki, Cenning. Biyu ne. Ki bar ni da wannan."

Na buɗe baki. Kalmar tana nan a kan harshena, gajeriya ce. Indo ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu, tana kallona. Na rufe bakin.

Da hantsi suka tashi, da cikar ruwa. Indo ta ajiye tsintsiya, don ba a shara ranar tafiya. Kawu ya sa farar rigarsa da baƙar hula, ya yi bismilla, ya nufi matakala. Ina tsaye a bayansa. Na ga ƙafarsa ta dama ta fita tana lalube a iska, ta wuce katakon farko, ta dawo, ta same shi. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Duk tsoho yana iya yin haka. Na ji sunansa ya taso mini daga ciki, amma ba a kiran matafiyi daga baya, in ya waiwayo tafiyar ta ɓaci. Indo ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. A nan na gane ita ma ta gani, kuma ta daɗe tana gani.

Ya bi gadar katako a miƙe, Sakka yana gabansa da taku ɗaya yana ta zuba, wai katakon nan ya ruɓe, wai wa ya bar igiya a hanya. Mutane suna cewa yau Sakka ya tashi da surutu. Wasu suka yi dariya. Baba Rumpa bai yi ba, liman ma bai yi ba, ya dai tsawaita addu'a fiye da yadda ya saba. Na bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina su nawa ne suka sani. Wataƙila dukansu. Wataƙila tun ranar madubi dariyar da suka yi ta rufin asiri ce, ni kaɗai ce na zaci na gano wani abu. Kowannensu yana da buhu a jirgin nan, wasu suna da ɗa.

Inji ya kama, jirgin ya juya hanci kudu. Kawu yana tsaye kusa da Jumaing, hannunsa a kan sandar jirgi, fuskarsa a gaba. Bai waiwayo ba.

Daren farko sama ta yi kyau, na zauna da Indo a baranda har Balue ta gangara bayan kwakwar liman. Dare na biyu gajimare na gaske ya taso daga kudu ya rufe ta, ya rufe Gidan, bai buɗe ba sai gab da asuba. A daren ne, in tafiya ta yi daidai, suke wuce duwatsun. Indo ta ce gajimaren nan namu ne kawai, can teku ba lallai akwai shi ba. Ta fi ni sanin haka. Amma ita ce ta tashi ta yi ta nafila.

Sakka yakan kira da zarar sun hango fitilun Bima. A tsibirinmu waya ba ta kamawa sai a ƙarshen gadar katako, don haka can nake wuni, can nake cin abincin da Indo ke kawo mini. Masu wucewa suna ba ni dalilai ban tambaye su ba. Wai wataƙila sun fake a bayan wani tsibiri, wai inji ne, wai gishiri ya ci wayar Sakka kamar yadda ya ci ta bara. Duk suna iya zama gaskiya. Ba wanda ya ambaci ido, ni ma ban ambata ba. Liman ya aika saƙo ta wani jirgin kamun kifi da ya nufi kudu jiya, a duba masa hanya.

Madubin yana cikin akwatinsa a ƙarƙashin gado, ban sake buɗe shi ba. Ya kamata a ce sun isa Bima tun shekaranjiya. Sakka bai kira ba, jirgin kamun kifin bai dawo ba, kuma har yanzu ba mu ji komai ba.